Sharaɗi a Kan Gona da Gida: Tarihin Riƙon Ƙasa a Jega da Aliero da Maiyama

Jega da Aliero da Maiyama garuruwa ne uku maƙwabtan juna a ƙasar Gwandu, kowace kuwa yau hedkwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi. Jega tana bakin Gulbin Zamfara, inda hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri suka haɗu. Aliero tana arewa maso gabas da ita, ta wajen Tambuwal, Maiyama kuwa tana kudu, a kan hanyar Koko. A garuruwan nan, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mutum ya ce gonata ko gidana ba mai yi masa gardama. Amma fa in aka bi diddigi sai a tarar kowace gona da kowane gida akwai abin da aka ɗaure su da shi, watau sharaɗin da mai riƙe da su ba shi da ikon tsallakewa. Wani ba shi da ikon sayarwa, wani ba shi da ikon dasa itace, wani kuma ba shi da ikon ba banki jingina sai da izni. Abin da wannan takarda za ta bi shi ne asalin waɗannan sharuɗɗa, da wanda ya gindaya su, da kuma wurin da ake ajiye su, gama a nan ne tarihin ƙasar nan ya sha bamban da na ƙasar da aka kwaikwayo takardun filaye daga gare ta.

A dokar Ingila mai sayar da fili yana iya rubuta sharaɗi a cikin takardar ciniki, sharaɗin nan kuma ya bi filin duk hannun da ya shiga. Shari'ar da ta kafa wannan hukunci an yi ta a shekarar 1848. Wani mutum, Tulk, ya sayar da lambun da ke tsakiyar dandalin Lesta a birnin Landan a 1808, bisa sharaɗin a bar shi lambu, kada a yi gini a ciki. Lambu ya yi ta sauya hannu har ya faɗo ga wani wai shi Moxhay, wanda ya san da sharaɗin amma ya ce ba da shi aka ƙulla ba. Kotu ta hana shi gini, ta ce wanda ya saya da sani ba zai ci arhar da sharaɗi ya jawo ba sa'an nan ya yi watsi da sharaɗin. Daga nan al'adar ta bazu. A Amurka har ta kai ana rubuta cewa kada a sayar wa baƙar fata gida a unguwa kaza, sai a 1948 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ce ba kotun da za ta tilasta bin irin wannan sharaɗi. Abin lura a nan shi ne, mutum da mutum ne suke ƙulla sharaɗin, takarda kuma ita ce ma'ajinsa.

Malamin da ya karanta babin ciniki a Muhtasar na Halilu zai ga wannan da mamaki. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Gwandu suke hukunci da ita tun zamanin jihadi, idan mutum ya sayar da abu bisa sharaɗin kada mai saye ya sayar, ko kada ya kyautar, cinikin ya ɓaci, sai fa in mai sharaɗin ya janye sharaɗinsa. Dalilin malamai shi ne, manufar ciniki ita ce mallaka ta koma ga mai saye cikakkiya, sharaɗin da ya warware wannan manufa kuwa ya warware cinikin kansa. Haka nan in aka ƙulla tun a wurin ciniki cewa duk ranar da mai sayarwa ya dawo da kuɗi za a mayar masa da gonarsa, wannan ma ba a yarda da shi ba, domin ya zama bashi mai jawo amfani da aka sa wa rigar ciniki. Wanda yake so ya ɗaure dukiyarsa ta daɗe bayan ransa, ƙofar da shari'a ta buɗe masa ita ce hubusi, watau waƙafi, ko kuwa ya ba wani amfanin gida iyakar rayuwarsa, in ya mutu gida ya dawo. Saboda haka a ƙasar Gwandu ba a saba ganin mai sayarwa yana ɗaure mai saye ba. Sharaɗi daga sama yake zuwa, daga mai ƙasa, ko kuwa daga hanyar da mutum ya shigo gonar tun farko.

Mutumin da ya fi kowa rubuta wannan a yankin shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda Shehu Usmanu ya danƙa wa yammacin daula a 1812, ya zauna a Gwandu bayan rasuwar Shehu a 1817, ya rasu a 1829. Cikin littattafansa akwai wani ƙarami, Ta'alimur Radi, wanda ya keɓe ga dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da matacciyar ƙasa. Dalilan da mazhaba ta sani su ne rayawa, da hurumi, da yankan da shugaba ya yi wa mutum, da kuma wurin da shugaba ya keɓe domin amfanin jama'a. Kowanne yana da igiyarsa. Wanda ya sari daji ya raya shi, da gini ko rijiya ko noma, ya samu, amma in dajin yana kusa da gari sai da iznin shugaba. In kuma ya bari wurin ya sake mutuwa, shekaru suka tura har alamar aikinsa ta ɓace, wani ya zo ya raya, to, ya zama na mai rayawa na biyu. Hurumin gari, inda ake itace da kiwo, ba mai ikon mallake shi shi kaɗai. Ƙasar noma da aka ci da yaƙi kuwa malaman Malikiyya sun ɗauke ta waƙafi ce ta Musulmi duka, shugaba yana iya ba mutum amfaninta, amma ba wuyanta ba. Wannan hukunci na ƙarshe ya kamata mai karatu ya riƙe shi, don kuwa Turawa za su zo su hau kansa.

Ita Jega a cikin wannan zamani aka kafa ta, kuma labarin kafa ta labarin ba da wurin zama ne bisa sharaɗi. Malam Abdussalami, almajirin Shehu, yana zaune da jama'arsa a Gimbana, kusa da inda Jega take yanzu, sa'ad da mayaƙan Gobir suka faɗa musu a 1803. Wannan hari yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Bayan rasuwar Shehu, Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka ci garinsa Kware, ya rasu a 1818. Jama'arsa da suka tsira suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, har Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi ɗauki aka ci garin wajen 1820. Bayan haka ne Buhari ɗan Abdussalami ya yi mubaya'a ga Gwandu, aka yardar masa ya kafa gari a bakin gulbi, shi ne Jega. Zuriyar Gimbanawa suna riƙe da sarautar garin, ana kiran mai ita Sarkin Kabin Jega. Watau tun ranar farko sarkin gari da kansa riƙo yake yi, sharaɗin riƙonsa kuwa biyayya ga Gwandu, shi kuma yana yanka wa na ƙasa da shi bisa sharaɗin biyayya gare shi.

Kafin ƙarni na 19 ya ƙare Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a cikinta, gishirin Foga yana shigowa daga yamma, tufafin Nufe da Ilori daga kudu. Kasuwa kuwa baƙi take kawowa, baƙo kuma wurin kwana yake nema kafin wurin zama. Bisa al'adar garuruwan fatauci na ƙasar Hausa, baƙo yana sauka wurin fatomansa, in ya yi niyyar zama fatoma ya kai shi ga mai unguwa, mai unguwa ya kai shi ga sarki, a nuna masa fegi. Ba a rubuta kome, amma kowa ya san abin da aka ƙulla: ya gina, ya zauna lafiya da maƙwabta, ya bi sarki. Gini nasa ne, yana iya sayar da azara da ƙyaure da jinka. In ya tashi da iyalinsa ya bar gari, gida ya zama kango, fegin ya koma hannun sarki a ba wani.

A gona abin ya fi haka yawan rassa, harshen Hausa kuwa ya adana rassan nan fiye da kowace takarda. Bahaushe ya aro kalmar mallaka daga Larabci, ya aro sharaɗi, da hurumi, da hubusi, amma kalmomin da talaka yake rarrabe gonaki da su nasa ne na gado: gandu, da gayauna, da saura, da aro, da jingina. Yakan ce wane yana riƙe da gona, ko yana cin gona, kuma waɗannan ba su nufin gonar tasa ce. Yakan bambanta mai gona da mai ƙasa. A wajen Sakkwato da Gwandu ma akwai abin da ke rikita malamin da ya taso a Kano, gama wanda Bakano zai kira hakimi a nan uban ƙasa ake ce masa, hakimi kuwa shi ne wanda ke riƙe da ƙauye, watau dagacin Kano. Wanda ya karanta bayanin rabon gonaki na wannan yanki bai san da wannan ba zai ɗora iko a inda ba ya nan.

Aro shi ne ya fi yawa, shi ne kuma ya fi haifar da shari'a. Mai gona yana ba baƙo, ko suruki, ko barori, wuri su noma, ba da kuɗi ba. Sharaɗinsa sananne ne: mai aro ba ya sayarwa, ba ya jinginarwa, ba ya dasa itace mai daɗewa, ba ya haƙa rijiya sai da izni, domin itace da rijiya alamun raya ƙasa ne, mai su kuwa gobe yana iya cewa shi ya raya. Da kaka kuma mai aro yakan kai dami ɗaya ko biyu gidan mai gona. Masu duban abin daga nesa sukan ɗauki wannan dami a kan kuɗin haya, alhali kuwa bai kai ya zama haya ba. Amfaninsa shi ne shaida. Kowace shekara ana ɗauko shi a ka, da rana tsaka, a ratsa gari da shi, duk wanda ya gani ya san gonar nan ta gidan wane ce. Daminan shi ne takardar sharaɗin, ana sabunta ta kowace kaka. Ranar da aka daina kai shi, ran nan aka fara yage takardar, ko da ba wanda ya lura.

Jingina kuwa ita ce hanyar mai buƙatar kuɗi da gaggawa, ko don haraji, ko aure, ko yunwa. Ya karɓi kuɗi ya miƙa gona, mai kuɗi ya yi ta noma har ranar da aka fanshe. Malamai sun daɗe suna sukarta, don mai bashi yana cin amfanin gona bayan kuɗinsa na nan daram, amma suka ba ta kashe ta ba. Sharaɗinta na al'ada shi ne ba a fansa da shuka a ƙasa, sai an kawar da amfani, kuma hakkin fansa yana bin magada. Akwai kuma itatuwa, waɗanda ba lalle ba ne su bi gona. Ɗorawa ko giginya ko tsamiya tana iya zama ta wani gida dabam, gona ta fita hannu amma itacen bai fita ba, matan gidan farko su zo kowace shekara su kwashi kalwarsu. Burtali ma haka. Hanyar shanu daga tudu zuwa mashaya ba ta shiga cikin gonar kowa, komai daɗewar da mutum ya yi yana noma a gefenta.

Inda shari'a ta shigo ta taimaki al'ada, ko ta danne ta, shi ne babin hauzi da babin shufa'a. Hukuncin hauzi shi ne, in mutum ya riƙe wuri shekara 10 yana aikin mai shi a cikinsa, wanda ke da'awa kuwa yana gari, yana gani, bai yi magana ba, ba kuma abin da ya hana shi magana, to, ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka nisa, har wajen shekara 40, domin ɗan'uwa yakan yi wa ɗan'uwa kawaici. Amma in aka tabbatar cewa ta hanyar aro ko haya ko jingina mutum ya shiga, hauzi ba ya amfana masa kome, ko ya shekara 100. Ta haka ne tambayar da alƙali yake fara yi ita ce, yaya aka shiga gonar nan? Shufa'a kuwa ita ce hakkin abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba, kamar gidan gado: in ɗaya daga cikin magada ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna iya biyan kuɗin su karɓe. Malikiyya ba su ba maƙwabci wannan hakki ba, sai abokin tarayya kaɗai, ko da yake a bakin jama'a ana ganin rashin kunya ne mutum ya sayar da gida bai fara taya wa maƙwabcinsa ba.

Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Kwanaki kaɗan bayan haka Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya gaya musu cewa duk ikon da sarakunan jihadi suka samu a kan ƙasa ta hanyar yaƙi yanzu ya koma hannun Gwamnati ta hanyar yaƙi. Gwandu da garuruwanta suka shiga ƙarƙashin wannan magana. Wanda ya gaje shi, Gwamna Girouard, ya sa aka tattaro bayani daga Razdan-Razdan a kan al'adun riƙon ƙasa, aka kafa kwamiti a Landan a 1908. Wasu daga cikin masu faɗa a ji a wannan aiki, irin su Mista Temple, sun sha ra'ayin wani marubucin Amurka, Henry George, wanda ke ganin ƙasa ta jama'a ce, bai kamata wani ya ci ribar tsadarta shi kaɗai ba. Da suka ji malamai suna cewa ƙasar da aka ci da yaƙi waƙafi ce, sai suka ga abin nema ya samu. Dokar da ta fito a 1910, aka sake ta a 1916, ta ce dukan ƙasar Arewa ta 'yan ƙasa ce, tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin amfaninsu, kuma ba wani hakki a kanta da zai inganta sai da yardarsa. Kalmar mallaka ta fita daga doka, aka sa iznin zama a madadinta.

A gaskiya kwamitin ya ɗauki babi ɗaya na fiƙihu ya shimfiɗa shi a kan ƙasa duka. Ya manta da wanda ya sari daji ya raya, da wanda ya gada, da wanda ya saya, alhali littattafan da alƙalai ke hukunci da su sun san waɗannan duka. Amma dokar ta yi wani amfani da ba a musu, gama ta hana kamfanonin Turawa sayen manyan gonaki a Arewa kamar yadda aka yi a Kenya. Shi manomin Maiyama ko na Aliero bai ji wani sauyi a jikinsa ba a lokacin. Hakimi ne dai yake yanka masa saura, alƙalin En'e ne yake raba masa gado. Wanda takarda ta shafa shi ne kamfanin da ke son kanti ko wurin awon gyaɗa da auduga a bakin kasuwa. Shi aka fara ba satifiket, mai shekaru ƙidayayyu, da kuɗin ƙasa na shekara wanda Gwamna ke iya sakewa, da sharaɗin gini, da hanin sayarwa sai da izni. A nan ne sharaɗi ya fara hawa takarda a ƙasar nan, amma ko a nan Gwamnati ce ta gindaya shi, ba mai sayarwa ba.

Bayan samun mulkin kai, Majalisar Jihar Arewa ta yi dokar 1962, ta mayar da ikon Gwamna hannun Minista. Ta raba iznin zama gida biyu, na doka wanda Minista ke bayarwa, da na al'ada wanda ɗan ƙasa ke riƙe da shi bisa gado. Ta kuma fassara ɗan ƙasa da cewa shi ne wanda ubansa ya fito daga wata ƙabila ta asalin Arewa. Ke nan Bayarabe ɗan Ilori da ke kasuwanci a Jega ɗan ƙasa ne, ɗan'uwansa na Ogbomosho da ke rumfa ɗaya da shi kuwa ba ɗan ƙasa ba ne, ba ya samun fili ingantacce sai da yardar Minista. Abin da masu gidaje a Amurka suka rubuta a takardun cinikinsu, a nan doka ce ta ɗauke musu wahalar rubutawa, ko da yake dalilin masu dokar shi ne tsoron kada masu kuɗi daga waje su saye ƙasar talakawa. A 1965 kuma aka yi dokar keɓe makiyaya, wadda ta ba hurumin kiwo matsayi a rubuce.

Dokar da ke aiki yau ita ce ta Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa ran 29 ga Maris 1978. Tsarin Arewa ne aka ɗauka aka shimfiɗa wa Nijeriya duka, aka cire bambancin ɗan ƙasa da baƙo tsakanin 'yan Nijeriya, sa'an nan aka cusa dokar cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, yadda ba a iya taɓa ta sai ta hanyar gyaran tsarin mulki. A lokacin garuruwan nan uku suna cikin Jihar Sakkwato. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991 sai ikon ya koma hannun Gwamnan da ke Birnin Kebbi. Ƙasar da Gwamna ya ayyana ta birni ce tana hannunsa, sauran kuwa tana hannun ƙaramar hukuma, wadda ke iya ba mutum har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Sarki da uban ƙasa da hakimi ba a ambace su da wani iko ba.

Sharuɗɗan da dokar ta ɗora wa mai satifiket suna da nauyi. Sashe na 22 ya hana shi sayarwa ko jinginarwa ko miƙa wa wani sai da yardar Gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba bisa doka ba banza ne. A 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ta ce wannan hani ya hau har kan wanda yake riƙe da filinsa na birni tun kafin 1978, bankin kuwa ya rasa ikon sayar da gidan da aka ba shi jingina domin ba a nemi yardar Gwamna ba. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke izni saboda buƙatar jama'a, ko saboda saɓa sharaɗin da ke cikin satifiket, kamar ƙin biyan kuɗin ƙasa, ko ƙin yin gini cikin wa'adin da aka yanka. In an karɓe don buƙatar jama'a, diyyar da ake biya ta gini ce da shuka da sauran aikin da aka zuba, ba ta ƙasar ba. Akwai kuma sashe na 36, wanda da wuya a sami manomin da ya taɓa jin labarinsa. Ya ce gonar ƙauye da mutum ke riƙe da ita tun kafin dokar ba a yanka ta fuloti-fuloti, ba a kuma miƙa ta ga wani, wanda ya sa hannu a takardar yin haka kuwa hukuncinsa tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara 1. Da ana bin wannan sashe baƙi da baƙi, da gidajen yari ba su ɗauki masu laifi ba.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi a shekarun nan shi ne ƙasa ta yi daraja. Tun farkon shekarun 1990, da shirin raya fadama ya kawo rijiyar burtsatse ƙarama da injin ban ruwa, fadamar da a da ake ba da ita aro don kada ta zama saura ta koma abin da ake haya da kuɗi tsaba. Aliero ta yi suna da albasa har ana lodinta zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta, a 2006 kuma aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a garin, gonakin bakin gari suka zama wurin gina ɗakunan haya. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi, fadamun jihar suka ƙara tsada. Jikan da ya tarar da kakansa ya ba da aron fadama shekara 50 da suka wuce yanzu yana da dalilin tunawa, jikan mai aro kuma yana da dalilin mantawa. Dami kuwa an daɗe da daina kai shi, wani lokaci ma mai gonar ne da kansa ya yafe, don zumunci. Idan aka je gaban alƙali, sai a nemi tsofaffin da suka ga ana kai shi.

Takardar da yawancin masu saye suke riƙewa a garuruwan nan ba satifiket ba ce, don neman satifiket yana cin kuɗin safiyo da zirga-zirga zuwa Birnin Kebbi. Takardar ciniki ce ta hannu ko ta kwamfuta, shafi ɗaya, mai unguwa ko hakimi ya sa hannu ya buga hatimi. Dokar 1978 ba ta san hatimin nan ba, banki ma ba ya karɓarsa a kan jingina, amma kotu tana duban takardar a matsayin shaidar an biya kuɗi an miƙa wuri, jama'a kuma sun fi amincewa da ita domin sun san masu sa hannun. A cikinta ana rubuta sunan mai sayarwa da na mai saye, da kuɗin da aka biya, da maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, da sunayen shaidu. Ba a cika rubuta yadda gonar ta zo hannun mai sayarwa ba, ko gado ce da aka raba, ko wadda ba a raba ba har sauran magada suna da shufa'a. Ba a faɗin ko ɗorawar da ke tsakiya ta shiga cikin ciniki, ba a kuma faɗin faɗin burtalin da ya bi ta gefen yamma.